Firjin da Ke Cin Rile

Sautin kashi uku ne, kuma a jere yake zuwa. Da farko gurnani, kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. Bayan daƙiƙa biyar ko shida sai ka ji ƙas! Daga nan tsit. A yi minti biyu ko uku, gurnanin ya dawo, ƙas ta sake biyo shi. Haka firjin gidanmu da ke Hayin Dogo a Samaru ya kwana yana yi a daren uku ga azumin 2024. Da muka tashi sahur, ruwan da ke cikinsa ya koma kamar wanda aka ɗebo a famfo da tsakar rana.

Azumin shekarar ya kama ranar Litinin, 11 ga Maris, wato a cikin bazara, lokacin da zafin Zariya kan haura digiri 35 tun kafin azahar. Uwargida tana ƙulla soɓo da kunun aya, yaran unguwa da ɗaliban jami'a suna saye gab da shan ruwa. Wannan asara ce da za a iya jurewa. Abin da ya hana ni barci shi ne allurar Hajiya. Mahaifiyata tana da ciwon suga, kuma kwalaben insulin da ba a buɗe ba dole su zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8. Da asuba na kwashe su na kai gidan maƙwabci. Wadda ake amfani da ita kuwa, Hajiya da kanta ta naɗe ta a jiƙaƙƙen ƙyalle ta ajiye a gindin randa, inda ƙasa ba ta bushewa. Hikimar tsohuwa ce, kuma ita ce malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya gyara ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000.

Firjin tokumbo ne, mai ƙofa ɗaya da akwatin ƙanƙara a sama. A Sabon Gari na saye shi a ƙarshen 2017. Bazara shida ya gani a gidan nan, kuma ba a taɓa sa masa hannu ba. Haka na sani, haka kuma na riƙa faɗa wa duk wanda ya tambaye ni.

Da hantsi na ɗauko wani matashi mai gyara daga bakin kasuwar Samaru. Ya janyo firjin daga bango, ya ɓalle wani baƙin murfin roba da ke manne a jikin kwamfireso, ya zaro wani abu da bai kai akwatin ashana ba. Ya kai shi kunnena ya girgiza. Na ji kacau-kacau, kamar tsakuwa a gora.

"Malam, rile ne ya ƙone. Ƙaramin aiki ne."

Ya yi mini bayani, kuma bayaninsa daidai ne. Kwamfireso shi ne zuciyar firji, baƙar tukunyar ƙarfen nan da ke ƙasa ta baya. A cikinta akwai naɗin waya biyu: ɗaya na tayarwa, ɗaya na ci gaba da gudu. Aikin rile shi ne ya ba naɗin tayarwa wuta na ɗan ƙiftawar ido, sannan ya yanke. A cikinsa akwai wani ɗan faifai kamar kwabo, wanda ke barin wuta ta wuce in yana da sanyi, ya tare ta in ya yi zafi. Idan faifan ya farfashe, kwamfireso zai yi ta nishi ba ya tashi, yana zuƙar wuta fiye da kima, har abokin zaman rile da ake kira obalodi ya katse wutar don kada wayoyi su ƙone. Ƙas ɗin da muka kwana ji, muryar obalodi ce.

Ya sa sabon rile daga cikin jakarsa, firji ya tashi, muka yi hamdala. 'Yar ƙanwata, yarinya 'yar shekara goma sha uku da ke zaune a wajen Hajiya, tana tsaye a bakin ƙofar kicin tun da aka fara aikin har aka gama. Ban ɗauki tsayuwar tata da wata ma'ana ba.

Kwana biyu ya yi. A rana ta uku da la'asar gurnani da ƙas suka dawo, har da ƙaurin roba.

"Jabu ne," in ji matashin da ya ga rilen nasa ya yi baƙi. Ni ma na ce jabu ne. A ƙasar nan babu amsar da ta fi wannan sauƙin kamawa, don sau da yawa gaskiya ce. Illarta kawai ita ce, da zarar an furta ta sai a daina tambaya.

Na ce to, zan nemo na ainihi da ƙafata. Ranar Litinin, takwas ga azumi, na zuba ƙonannun rile biyu a aljihu, na rubuta sunan firjin a takarda, na hau bas daga bakin babbar ƙofar jami'a. Zango, Palladan, Kwangila, har PZ. Unguwar ta samo sunanta ne daga kamfanin fataucin Paterson Zochonis, wanda ya kafa cinikinsa kusa da tashar jirgin ƙasa kamar sauran kantunan Turawa, bayan da dogo ya iso Zariya a 1911. Dogon nan shi ya haifi Sabon Gari kanta, ya tara Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawa wuri guda. Har yau in kana neman ƙaramin ƙarfen da ya gagara samuwa a Samaru ko Tudun Wada ko cikin ganuwa, can za a ce ka nufa.

A wani layi da ke gefen kasuwa na sami shagunan masu kayan firji da na'urar sanyaya ɗaki. Tukwanen gas a jere a ƙofa, nannaɗaɗɗen bututun jan ƙarfe a rataye, kwamfireso a jibge kamar tulin kabewa. Na shiga shagon wani Ibo wanda Hausarsa ta Zariya ce tsantsa. Na miƙa masa takardata. Ko karɓa bai yi ba.

"Malam, sunan firji ba zai taimake ni ba. Mai ƙera firji daban, mai ƙera kwamfireso daban."

Ya nuna mini tulin da ke bayansa: ga Danfoss na Denmak, wanda yanzu ake bugawa da sunan Secop, ga Embraco na Burazil, ga Huayi da Jiaxipera na Sin. Firji biyu masu suna ɗaya, samfuri ɗaya, kana iya buɗe bayansu ka tarar da zuciya iri biyu. Sai ya juye wani kwali a kan teburi, rile suka zubo birjik. A ido duk ɗaya suke. Amma wani ƙafarsa ɗaya, wani uku, wani huɗu, kuma kowanne da lambarsa a jiki, wani 12, wani 15, wani 22, wani 33, wato ma'aunin yadda faifan ke tare wuta. Wanda matashin ya sa mini da wanda ya cire, lambobinsu ba su zo ɗaya ba.

"Oga, ke nan ba jabu ba ne?"

"Ban ce jabu ba ne, ban ce ba jabu ba ne. Na ce ba nasa ba ne. Ka sa a turo maka hoton takardar da ke jikin kwamfireso."

Na kira uwargida. Ta tsuguna bayan firji da fitilar waya, ta turo hoto ta WhatsApp. Ga lambar kwamfireso, ga 220-240 da 50, ga wata alama ruwan ɗorawa mai kusurwa uku da zanen harshen wuta, a ƙarƙashinta an rubuta R600a. A can gefen hoton, rabinsa ma ya yanke, akwai wani ɗan abu mai ƙyalli kamar kan bawul ɗin tayar keke. Lambar muke nema, ita muka duba.

Ba shi da irinsa. Ya tura wa ɗan'uwansa hoton a kasuwar Alaba da ke Legas, ba a yi minti ashirin ba aka turo hoton rile da obalodi a tafin hannu. Nan na ga abin da ya sa na yarda da mutumin: bai ce in biya ba sai da ya sa aka juya kayan aka ɗauko lambarsu, ya gwada da ta hotonmu harafi bayan harafi. Na biya rabi. Aka ba direban motar dare, aka rubuta lambar waya a jikin kwalin. Ranar Juma'a aka kira mu daga tasha. Haka yawancin kayan gyara ke zuwa Zariya: babu kundin kamfani, babu rasit mai tambari, sai hoto da waya da amana.

Matashin ya ɗaura shi da daddare bayan asham. Ya shige ƙafafun kwamfireso cif, kamar a wurin aka haife shi. Firji ya tashi. Kafin sahur ruwa ya ɗauki sanyi. Na ce wa Hajiya gobe za a dawo mata da allurarta gida. Ta ce, "A dai ƙara haƙuri tukuna." Na ɗauka tsantsenin tsofaffi ne.

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina ƙofar gida, uwargida ta leƙo. "Baban yara, zo ka ji."

Gurnani. Ƙas.

Na zare filogi kafin ya cinye na uku. A nan ne tunanina ya juya. Rile na ainihi, lambarsa daidai, bai ƙone ba, amma obalodi na katsewa. Ke nan rile ba shi ne mai laifi ba, shi ma kashe shi ake yi. Ruwa ba ya tsami banza. Na ɗauko littafin makarantar yaro, na fara rubuta lokacin da na kunna da lokacin da ya katse. Cikin kwana biyu abin ya fito fili: da tsakar dare yakan yi sa'a guda yana gudu, da hantsi minti ashirin, da azahar ko goma ba ya kaiwa. Jikin kwamfireson kuwa ba ya taɓuwa.

Wanda na fara zargi shi ne ƙarfin wuta. Ma'auninmu a Najeriya bolt 230 ne, amma da magariba, in kowa ya kunna kayansa, takan yi rauni, kuma rarraunar wuta tana hana kwamfireso tashi. Maƙwabcina ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, ya ara mini mita. Na zauna a gaban soket ina jira. A daidai lokacin da ƙas ta zo, mita tana nuna 221. Ya ƙara ara mini sitabilaiza, bai canza komai ba. Na soke wannan a littafi.

Na biyu shi ne gaggawar ɗana. In aka ɗauke wuta yakan ruga ya tayar da janareta ya juya makunni nan take. Firjin da aka katse yana tsakiyar aiki yana buƙatar kamar minti biyar kafin a sake kunna shi, don faifan rile ya huce, matsin gas kuma ya daidaita. Na kafa dokar minti biyar. Doka ce mai kyau, har yau muna bin ta, amma ba ta hana ƙas ba. Sai dai a nan yaron ya faɗi wata magana: wai tun da na dawo daga tafiya a Disamba, janareta ke durƙusawa in firji zai tashi, a da kuwa ko a jikinsa. Na tuna ni ma tun wajen lokacin nake ƙorafin kuɗin mita na saurin ƙarewa. Na rubuta "Disamba" a gefen shafi, na ja layi a ƙarƙashi.

Na uku shi ne zafi, kuma na yi zaton na kama ɓarawon. A cikin firjin, ta gefen hagu kusa da akwatin kayan miya, akwai wata takarda da shekara shida ban taɓa karantawa ba. Da Jamusanci take, amma lambobi ba su da yare. A wani layi an sa harafin N. Maƙwabcina ya fassara mini: masu ƙera firji sun raba shi aji-aji bisa zafin ɗakin da zai zauna. SN daga digiri 10 zuwa 32, N daga 16 zuwa 32, ST har 38, T kuwa har 43. Namu na ɗakin girkin Jamus ne, ga shi a kicin ɗin Samaru mai rufin kwano a watan Maris. Duk mai shirin sayen firji a Arewa, ina roƙonsa ya nemi harafin nan kafin ya tambayi kuɗi. Muka matsar da shi taƙi guda daga bango, muka share ƙurar hunturu da ta lulluɓe ragar baya, muka saita masa fanka. Ya ƙara minti goma a kan abin da yake yi, sannan ya katse. Zafi yana da hannu a ciki, babu shakka. To amma firjin nan da harafinsa na N ya ƙetare bazara shida lafiya. Me ya sami ta bakwai?

Matashin ya ce magana ta ƙare, kwamfireso ya gaji, a sayo wani. Na koma Sabon Gari ranar sha shida ga azumi da kuɗin da na ware na ɗinkin sallar yara. Tsofaffin kwamfireso da tsofaffin firji suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su, amma duk wanda ya san layin nan ya san ba su yanke ba. Oga yana da wanda ya dace da lambata, sabo da tsoho. Da ya so da ya karɓi kuɗina.

"Malam, kafin ka kashe wannan kuɗi, je ka ga Baba."

A bayan layin, ƙarƙashin wata rumfar kwano, na sami dattijon a tsakiyar gawarwakin firji, yana hura wutar walda. Na kwashe labari tun daga farko na faɗa masa, har da littafina. Ya karanta lokutan yana gyaɗa kai. Ya ce in nuna masa hoton. Bai tsaya kan lambar ba. Ya sa yatsu biyu ya buɗa gefen hoton, inda ɗan abin nan mai ƙyalli yake.

"Wa ya yi maka aiki a kansa?"

"Babu kowa, Baba. Tun da na saya ba a taɓa buɗe shi ba."

"Malam, firji ba ya fitowa daga kamfani da wannan."

Ya janyo wani kwamfireso ya nuna mini. A kamfani, in an gama zuba gas, matse bakin bututun ake yi a liƙe shi da wuta, ya zama guntun wutsiya. Bawul mai murfi, mai gyara ne ke sa shi don ya sami hanyar ɗura gas. Na ce wataƙila wanda ya sayar mini ne ya sa tun 2017. Ya ce in dubi ƙyallinsa, in dubi sauran bututun da ke kewaye da shi. Tagullar da ta sha hunturu bakwai a kicin ba ta ƙyalli haka. Biri ya fara kama da mutum.

"Kada ka kunna shi yau. Gobe da safe ina zuwa."

Ya zo a kan acaɓa da jakar buhu. Ya fara da gwada ƙafafu uku na kwamfireso da mita, biyu-biyu: 24, sannan 31, sannan 55. Ya ce in haɗa na farko da na biyu. Sun ba da na uku daidai, alamar naɗin waya biyun lafiyarsu ƙalau. Ya gwada tsakanin ƙafafun da jikin tukunyar, wuta ba ta zurarewa. Zuciyar da aka ce ta mutu tana da ranta.

Sai ya kwance murfin bawul ɗin ya ɗaura geji, firji yana kashe tun jiya. Allura ta tashi ta wuce 50, ta wuce 70, ta tsaya a 95. Ya daɗe yana kallonta.

"Gas ɗin da aka rubuta a jikin nan, a zafin safiyar nan, ko ka ɗura shi har ya ƙoshi ba zai wuce hamsin da 'yan kai ba. Abin da ke cikin firjinka ba shi ne abin da ke rubuce a jikinsa ba."

Ya kunna, ya maƙala wata mita a wayar. Injin da ya kamata ya ja kamar rabin amfiya yana jan kusan ɗaya da rabi.

Muka zauna a kan tabarma a tsakar gida ya warware mini. Shi a zamanin R12 ya koyi aiki, gas ɗaya tilo, ba ka buƙatar karanta komai. Sai aka gano yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana, ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987, aka ba ƙasashe irin namu wa'adi zuwa 2010 su rabu da shi. R134a ya maye gurbinsa. A Jamus kuwa, wani ƙaramin kamfani mai suna Foron tare da ƙungiyar Greenpeace suka fito da firji mai aiki da dangin gas ɗin girki a 1993, kuma daga nan ne R600a ya mamaye Turai, yanzu ma har sababbin firjin da ake sayarwa a nan. Su biyun ba sa musanya. R600a matsinsa kaɗan ne, don haka ake yi wa kwamfiresonsa babban ciki, ya riƙa kamfatar gas da yawa a kowane bugu. In ka ɗura masa R134a mai matsi kusan ninki biyu, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Man da ke cikinsa ma ba ya gauraya da wannan gas ɗin.

Nan komai ya fara zama a mazauninsa. Da hunturu, iska da sanyi, matsin bai kai ya kayar da shi ba, sai dai ya yi ta jan wuta, janareta na durƙusawa, mita na zuƙewa. Da bazara ta shigo matsin ya ƙaru, ya fara faɗuwa, yana ta yunƙurin tashi dare da rana har faifan rile ya farfashe. Na biyun ma haka. Fanka ta ɗan taimaka don ta rage matsin. Saura tambaya ɗaya: me ya sa aka ɗura masa gas tun farko?

"Gas ba ya ƙarewa kamar kananzir," in ji Baba. "In ya fita, ƙofa ya samu."

Ya buɗe akwatin ƙanƙara, ya ɗaga farantin robar da aka shimfiɗa a ciki, ya haska. Can ciki ta dama akwai wani toka-tokan gam da bai fi farcen babban yatsa ba. Kewaye da shi duk ƙarce-ƙarce ne. Akwatin ƙanƙara falle biyu ne na goran ruwa, wato alminiyom, da aka manne, gas yana bi ta 'yan hanyoyin da ka gani sun kumburo kamar jijiya, kuma kaurinsu bai taka kara ya karya ba. Ina ganin ƙarcen na tuna wuƙar da muke yanka kankana da ita kullum da shan ruwa, wadda tsininta ya karye ban san yaushe ba.

Ban ce komai ba sai bayan asham. Na sami Hajiya a ɗakinta tana jan carbi, yarinyar na kwance a bayanta ta juya wa ƙofa baya.

"Hajiya, a Disamba, da ba na nan, an kira mai gyaran firji?"

Ta ƙarasa abin da take ja tukuna. "An kira. Ni na kira shi, ni na biya, ni na ce kada a faɗa maka."

Ƙanƙara ce ta cika akwatin har ƙofarsa ba ta rufuwa. Yarinyar ta ga kwalaben allura a ƙasa, ta ji tsoron kada ruwa ya ɗiga a kansu, ta ɗauki wuƙa ta hau sassaƙa. Sai ta ji fuuu, wani sanyin hayaƙi ya bugi hannunta. Ta yi kuka har ta shiɗe. Uwargida ta tafi suna Funtuwa a ranar. Wani mai gyara da ke yawo da tukunyar gas a bayan babur ya zo wucewa, ya shafa gam, ya sa bawul, ya ɗura abin da ke tukunyarsa, kafin magariba firji na sanyi.

"Marainiya ce," in ji Hajiya, "kuma don ni ta yi. Na san zafin zuciyarka."

Yarinyar ta tashi zaune. "Kawu, ka yi haƙuri."

Abin da ya fara zuwa raina ba kuɗin rile ba ne. Alamar nan ce ruwan ɗorawa mai harshen wuta. Gas ɗin da ya fesa mata a hannu mai kamawa ne, ga risho a kicin ɗin. Kaɗan ne ƙwarai a cikin firji, amma kaɗan ɗin ya isa ya lashi fuskar yarinyar da ta sunkuya a kansa. Na ce mata Allah ya kiyaye, kuma ba ta yi laifi ba, ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake yi. Ta kwana goma sha huɗu tana kallon ana ɗaura rile ana cirewa, ta san amsar, tsorona ya hana ta faɗa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a cikin lamarin.

Mai babur ɗin ban san shi ba, ban kuma neme shi ba. Ba na jin mugunta ce. Da yawa daga cikin masu yawon gyara ba wanda ya zaunar da su ya ce gas ya rabu gida-gida, a wurinsu gas gas ne. Amma takardar tana gaban idonsa lokacin da yake liƙa bawul, tazararsu ba ta kai yatsa huɗu ba.

Sayayyar ƙarshe ta bambanta da ta farko, don wannan karon mun san abin da muke nema. Baba ya ce gam ba ya daɗewa a wurin da ke daskarewa yana narkewa, a sake akwatin gaba ɗaya. Shi kuma ba da suna ake nemansa ba, ba da lamba ba, da awo ne. Ya auna tsawo da faɗi da zurfi, ya duba ta gefen da bututu ke fita, ya zana a bayan kwali. Oga ya tura zanen Kano, aka samo a kasuwar Sabon Garin can, ya iso washegari a motar haya. Sai diraya, ɗan bututun da ke tsotse danshi, don hudar da aka yi a ƙarƙashin ƙanƙara ba ta rasa shigar da ruwa. Sai man kwamfireso irin nasa, da gwangwanin R600a wanda Baba ya juya ya karanta da kansa kafin ya bari in biya.

A tsaye muka ɗora firjin a keke, aka ɗaure shi da igiya, don in aka kwantar mai yakan malala cikin bututu. A rumfarsa ya cire kwamfireso ya juye tsohon man, ya wanke hanyoyin, ya yi duk waldarsa tun babu gas a ciki. Ya ɗaura injin zuƙe iska ya bar shi ya daɗe yana aiki. Sannan ya ɗauko ɗan sikeli irin na masu sayar da gwal, ya ɗora gwangwanin a kai. Takardar Jamusancin nan ta faɗi adadin tun ranar da aka ƙera firjin: giram 38. Bai kai nauyin ƙwai ɗaya ba. Ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan yana kallon sikelin, ba ya ko amsa gaisuwa. Da ya rufe, mitar da ke maƙale a waya tana nuna rabin amfiya. Farin raɓa ya fara bin jijiyoyin sabon akwatin daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ranar ashirin da biyu ga azumi firji ya dawo gida. Muka bar shi ya huta har dare kafin a kunna. Na kira yarinyar, na nuna mata abin da Baba ya nuna mini: in ƙanƙara ta taru, a zare filogi, a sa kwanon ruwan zafi a ciki, a bar ƙofa a buɗe, ita da kanta za ta saki. Ta ɗauko littafin da na yi ta rubuta lokuta, ta kwafe lambobin takardun biyu a shafin ƙarshe da kyakkyawan rubutunta, har da harafin N da giram 38.

Daren ban yi barci sosai ba. Ina kwance ina jin sa ta bango, wani siririn amo wanda sai ka kasa kunne. Wajen ƙarfe uku na ji ƙas. Na diro daga gado na nufi kicin, na tarar yarinyar ta riga ni, tana tsaye da fitila a hannu. Babu gurnani, babu ƙauri. Na taɓa kwamfireso, ɗumi ne kawai. Na buɗe ƙofa na duba ma'aunin da maƙwabci ya ara mini, yana kan 4. Tamostat ne ya kashe shi don sanyi ya kai inda ake so. Muka tsaya mu biyu ba mai magana, har ya sake tashi da kansa, a bugu ɗaya.

"Je ki tashi Hajiya," na ce mata. "Ki ce gari na wayewa za a karɓo allurarta."